Kalmar da Maigidana Ya Kawo Mini Tsaraba

Mazan garinmu ba sa zama da rani. Da an ɗaure hatsi an zuba a rumbu sai ka ga sun fara wanke riguna, kowa ya tafi bida, wato neman abin rufin asiri a ƙasar wasu, ba a sake ganin ƙeyarsu sai hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ƙauyenmu yana gindin dutse tsakanin Buza da Deule, kuma a wancan lokacin, wajen ƙarshen shekarun saba'in, mu mata mun saba da wannan zama har ba ma sa shi cikin lissafin wahala. Abu ɗaya ne ba a wasa da shi: namiji ya dawo kafin shuka, ya noma gonarsa, ya tsaya ya ga girbi. Wanda damina ta faɗi ba ya gida, matarsa ce za ta sha kallo da tambaya a bakin rijiya.

Nawa mijin ya dawo da wuri, cikin zafin bazara, ya tarar da ni da tsohon ciki, na fari. Shayi ya sayar a Kaduna, a ƙofar wani ofis. Ya zo da wando mai faɗin ƙafa wanda yake share mini tsakar gida kyauta, da baƙin tabarau, da rediyo mai cin batir kamar ba gobe. Ni kuma ya kawo mini turmin atamfa, da kwano mai murfi, da kalma ɗaya ta Ingilishi wadda ban roƙe shi ba.

Ranar da ya iso na dama masa fura da nono mai kyau, na zauna gefe ina satar kallonsa. Ya ɗauki ƙwarya ya shanye tas, ya suɗe ludayi, ya goge baki da bayan hannu. Sannan ya ɗan ɗage hanci ya ce, "Dol."

Ban san Ingilishi ba, amma na san hanci. Ba a ɗage shi haka don godiya.

Daga ranar nan kalmar ta tare a gidanmu. Ya ɗauki wuƙata zai yanka albasa, ya gwada kaifin da babban yatsa, ya ce dol. Na ɗaura zanen da na fi ji da shi, mai ruwan bula, ya ce launin ya yi dol. Ya je kasuwar Buza ya dawo, na tambaye shi ya kasuwa, ya ce dol. Ɗan ƙanwarsa ya kasa kawo haddar da malam ya ba shi, shi ma ya samu rabonsa. Na rasa gane wace irin kalma ce wannan da ta dace da wuƙa, ta dace da zane, ta dace da yaro, ta kuma dace da furar da aka shanye har ana suɗe ludayi. Wani lokaci yakan ja ta, "dooool," in abin ya kai masa ko'ina. Wani lokaci ya yanke ta gajere kamar mai tofar da ƙwallon magarya. In yana jin kasala ma ba ya faɗa, hancin kawai yake ɗagewa, mu ƙarasa da kanmu.

Da a kan fura da zane abin ya tsaya, da na haƙura. Amma wata rana da la'asar, yana kishingiɗe a tabarma yana murɗa rediyo, ya ce mini ba tare da ya dube ni ba, "Garin ga duka dol na. Ba ni tsayawa damana bana. Ƙanena shi noma gonar, ni in koma in buɗe teburina."

Na ce, "Damana ba ka nan? Da cikin ga?"

Ya ce ai akwai mata a gari, haihuwa ba aikinsa ba ne.

Ba yunwa na ji tsoro ba, ƙanensa manomi ne na gaske. Na san mazan da suka tsallake damina ɗaya, sai ta zama biyu, daga nan sai dai a ji wani ya gan su a tasha sun yi ƙiba. Ni kuma ina son mijina, da wandonsa da hancinsa da duk abin haushinsa. Na ƙudura a raina cewa in dai kalmar nan ce za ta raba ni da shi, sai na san ko ita wace ce.

Na yi lakwal, wato makarantar boko, 'yan shekaru kafin a yi mini aure, kuma matar mushenmu ƙawata ce, ni nake yi mata kitso. Mushe shi ne malamin lakwal, ya taɓa Ingilishi lokacin da yake karatu a Tawa. Na sa ta ta tambaye shi ina zaune ina tsaga mata kai. Ya yi dariya ya zana mini ita a ƙasa da tsinke, dull, ya ce ai kalma ce mai faɗi. Wuƙar da ta dakushe, launin da ba ya ɗaukar ido, kasuwar da ba ta ci ba, ɗalibin da kansa ba ya ja, garin da ba abin da ke faruwa a cikinsa, duk ta rufe su.

"Kenan mugun abu?" in ji ni.

"A'a, ba ta kai can ba," in ji shi. "Kin tuna abin da nike rubuta miki ga lissahi? Medyokur. To, 'yar uwatta ta. Abu na nan dai, bai lalace ba, bai kuma burge kowa ba."

Wannan bayani ya fi zagi ƙona mini rai. Da cewa ya yi furata ta yi tsami, da na san nono zan canza. Da cewa ya yi miya ta yi gishiri, da na rage hannu. Amma a ce abu yana nan dai kawai, ta ina za ka kama shi ka gyara? Sai da matar mushe ta ce in sassauta, don na ja mata gashi har idonta ya kawo ruwa.

Duk da haka na gwada. Na ƙara daddawa da gabu a miya, na zuba barkono har ya yi ta atishawa yana sharce gumi, ya cinye, ya ɗage hanci. Na aika aka sayo masa kilishin Madawa, ya ce na Kaduna ya fi laushi, alhali ni na san masu kilishin can rabinsu 'yan uwanmu ne da suka je bida. Na shafe ɗaki da farar ƙasa, na jera kwanoni. Ya shigo da tabarau a ido, ya ce ɗakin duhu.

Ana cikin haka kakarsa ta shigo maganar. Tsohuwa ce 'yar firit, ba haƙori ko ɗaya, amma duk gari ana shakkarta. Iyayenta mutanen gargajiya ne, masu yanka a gindin dutse kafin shuka, kuma ko da yake ita tana salla tana azumi, in aka zo batun baki da maganinsa ba wanda yake ja da ita. A wajenmu ba a yabon abu a fili. Ka ce wa mutum akuyarsa ta yi kyau, gobe ta kwanta ciwo, to kai ne, bakinka ya kama ta. Shi ya sa tsofaffi in sun ga abin da ya burge su sai su kushe shi, su ce wannan ramammen abu, don su kare shi.

Kaka tana da wata tunkiya da take ji da ita. Maigidana ya je gaishe ta, ya ga tunkiyar a turke, ya yi abin da ya saba. Kaka ta tambayi ma'anar kalmar, aka gaya mata daidai yadda mushe ya faɗa, ta gyaɗa kai. Ba a yi sati ba tunkiya ta haifi tagwaye, duka mata, duka a tsaye.

Kaka ta bi gida gida da sandarta tana ba da labari. Ta ce duk kushen da muke yi da Hausa baki ya riga ya saba da shi, ya san ƙarya muke yi. Amma wannan kushe ne baƙo, daga nesa, kuma mai yin sa har zuciyarsa yake yi. Ta ce ba ta taɓa ganin makari mai ƙarfinsa ba.

Washegari da hantsi wani maƙwabcinmu ya yi sallama, ya ce ya gama yaɓe sabon rumbu, yana so maigida ya zo ya gani. Maigidana ya saka tabarau ya tafi yana jin kansa, a zatonsa shawarar mutumin birni ake nema. Ya zagaya rumbun, ya ce dol. Mai rumbu ya kama hannunsa da hannu biyu yana godiya, ya cika masa aljihu da goro. Ya dawo gida yana juya goron, fuskarsa duk a rikice.

Kafin a jima ƙofar gidanmu ta koma kamar ta mai magani. Wannan ya jawo jaki, wannan ya riƙo irin da zai shuka a cikin ƙwarya, wata ta aiko da kayan ɗakin 'yarta a kai. Mahauci ya biyo da sa kafin ya kai shi kasuwa. Da maigidana ya gane abin da ake yi da shi, ransa ya ɓaci ƙwarai, ya ce shi ba boka ba ne, ya rantse ba zai ƙara faɗa ba. Sai mutane suka koyi tsokano shi. Mai jaki zai tsaya ya ce, "Ka yi yawon duniya, amma na san ko Kaduna babu jaki kamar wanga." Ka ga maigidana yana cije leɓe, yana kallon sama, yana kaɗa ƙafa, can sai kalmar ta kuɓuce masa. Mai jaki ya ce madalla, ya ja abinsa ya tafi.

Ya gwada sauya musu da wasu kalmomin Ingilishi, dogaye, masu nauyi, waɗanda ya ce sun fi zafi. Wata tsohuwa da ta kawo kaza ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "Ba wagga ba, ɗana. Waccan gajeruwar."

Ni dai ina daga cikin ɗaki ina dariya har cikina yana ɗaurewa. Amma dariyar ba ta kai ni ko'ina ba, don abin ya ƙara masa ƙaimin tafiya. Ya ce garin da za ka raina mutum ya ba ka goro ba wurin zama ba ne. Ya yi magana da direban motar da ke ɗaukar 'yan kasuwa daga Tamaske, aka tsayar cewa kasuwa mai zuwa zai bi ta. Ni kuma a lokacin ne aka mai da ni gidan iyayena, a ƙetaren ƙoramar da ta raba garin biyu, don a can ake haihuwar fari. Na tafi ba mu ko yi sallamar kirki ba. Na yi kuka a hanya, innata tana tsammanin naƙuda ce.

Ruwan farko ya sauka da yamma, mai yawa, irin wanda ake shuka da shi. Da gari ya waye na haifi 'ya mace.

A al'adarmu uba ba ya rawar ƙafa a kan ɗan fari. Ba ya kiran sunansa, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, in an yi masa barka sai ya sunkuyar da kai kamar an kama shi da laifi. Balle a gidan surukai, inda ko tari ba ya yi da ƙarfi. Don haka ban sa ran ganinsa ba. Kaka ce ta aika aka kira shi, kuma ba a ƙin kiranta. Na ji sallamarsa a tsakar gida, murya ƙasa ƙasa. Ɗakin cike yake da mata, innata tana bakin gado, gwaggona tana dama kunun kanwa, kaka tana zaune a tabarma da jaririyar a cinya.

"Shigo, mijin banza," in ji kaka. Haka take kiransa, wasan jika da kaka.

Ya shigo a duƙe, ya tsuguna daga bakin ƙofa, ƙafar wandonsa duk taɓo.

Kaka ta ce, "Ka kushe tumaki, ka kushe rumbuna, ka kushe jakkan mutane, duk sun amfana. Ga taka ta gida. Matso ka hwaɗi kalmar taka bisa kanta, kak baki shi kama ta."

Matan suka ce gaskiya ne, wannan dabara ta yi. Ni kuwa zuciyata ta yi nauyi. Na san don kariya ake nufi, na kuma san shi ba don kariya yake faɗa ba. In ya dubi 'yar da na sha wuya a kanta ya ɗage hancin nan, na san ba zan ƙara roƙonsa ya zauna ba.

Ya matso da gwiwa. Ɗakin ba haske sosai, sai ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Kaka ta buɗe zanen. Yarinyar ja ce jawur, gashi kwance luf a kai, ta dunƙule hannu ɗaya a gefen kunci. Ya dube ta. Muka jira. Ya buɗe baki ya rufe. Gwaggona ta daina motsa kunu.

"Muna jiranka," in ji kaka. "Ko jaki bai ɗauke ka wanga lokaci ba."

Ya ce, "Kaka, ba ni iyawa."

"Mi ka ce?"

"Wagga ba dol ba ta." Muryarsa ta fara tashi, ya manta inda yake. "Ku dubi idonta. Ku dubi yatsun ga, har da ƙumba gare su. Na zamna Kaduna, na ga ɗiyan manya ana kai su cikin mota, wallahi ban ga mai kyawon wagga ba. Wa za shi ce mata dol? A nuna min shi."

Innata ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya. Ludayin gwaggo ya nutse cikin kunu. Wata maƙwabciya ta fara tofe tofe hagu da dama tana tubarkalla ba ƙaƙƙautawa. Uba ya yabi 'yar fari, da bakinsa, da rantsuwa, a gaban uwar matarsa. Tun da aka kafa garin ban ji an taɓa yi ba. Shi kansa da ya ji abin da ya fito daga bakinsa sai ya nemi mai da tabarau, ya soke kansa a ido.

Kaka ta rufe jaririyar a hankali. Ta ɗaure fuska tamau.

"To, ka gama da mu," in ji ta. "An kira ka ka kare ta, kai kas sa mata baki. Kuma kai za ka cire shi, ba wani ba. Kullum da sahe ka zaka nan ka yi mata tubarkalla, ka tohwa mata bisa kai, har a yi arba'in. Ka tsallake rana guda, abin da yas same ta kai na."

A garin aka haife ni, a cikin tsofaffi na tashi, ban taɓa jin wannan magani ba. Abin da na sani, wanda ya yi suɓul da baka ya ce tubarkalla sau ɗaya, shi ke nan. Na ga mayafin innata ya motsa, alamar za ta yi magana. Kaka ta juya ta dubi mayafin kawai, ya koma ya tsaya cik.

Maigidana ya ce a hankali, "Motar Tamaske hwa?"

Kaka ta ce mota ba jikarta ba ce.

Haka aka yi. Kowace safiya sai ya ƙetare ƙorama, ya cire takalmi tun daga zaure, ya tsuguna ya gai da babana, wanda yake amsawa yana kallon bango don kada dariya ta ƙwace masa. Ya ratsa ta gaban mata masu daka, su kuwa sai su sassauta taɓarya don su gan shi da kyau. Ya shigo ya yi tubarkalla, ya tofa, ya fita kamar ana korarsa. Wandon Kaduna bai jure taɓon ƙorama ba, aka koma wandon gona. Kuma namiji ba ya zama a inuwa ƙasa na jiƙe kowa na gona, don haka daga wurinmu sai ya wuce ya bi ƙanensa shuka. Shuka ta tsiro, ciyawa ta biyo ta, aka shiga noman fari. Hannunsa da ya saba da cokalin shayi ya yi kanta, ya fashe, ya warke.

Masu jaki da masu kaza kuwa suka ɗauke ƙafa. Kaka ta sanar cewa bakin da ya riga ya yi yabo ya lalace, kushensa ba ya ƙara aiki. Mutane suka yi ta jimami, mai rumbu har ya zo yi masa jaje. Ya ci gaba da faɗin kalmarsa jefi jefi, a kan miya ko a kan rediyo in batir ya yi sanyi, amma ba mai ba shi goro, ni ma na daina jin zafinta.

Da aka yi arba'in aka yi mini kitso da lalle, aka raka ni ɗakina da yarinya a baya. Hatsi ya kai gwiwa lokacin. A daren na kwana da sanin cewa wa'adin kaka ya cika, kuma motar Tamaske tana nan tana zuwa duk kasuwa.

Da safe na ga ya ɗauki hauya ya nufi ƙofa. Ya kai zaure, sai na ji ya tsaya. Ya dawo, ya leƙa ta kan danga ko maƙwabta na kallo, ya shigo ɗaki ya duƙa a kan yarinyar tana barci, ya yi tubarkalla ya tofa mata a ka.

Na ce, "Ai kwanakkin sun cika jiya."

Ya miƙe yana gyara hauya a kafaɗa, bai dube ni ba.

"Wa yas sa ki ƙirga?" in ji shi. "A kai min hura gona ta gabas, can muke yau."

Na ce to. Na jira har ya fita, sannan na zauna a bakin gado na yi kukana na daɗi, ya ishe ni. Daga nan na tashi na zuba hatsi a turmi.